Shin kula da ɗalibai aiki ne da sai an karanta shi a digiri na biyu?

Rukayya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan wani abu da ya tsaya mini a rai. Shekarata uku ina aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai na wata jami'a. Tarihi na karanta a digirin farko. Yanzu lokacin ƙaro karatu ya yi, zuciyata kuma ta karkata ga digiri na biyu a fannin gudanar da manyan makarantu da kula da ɗalibai. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce in koma Tarihi in zama malama, wai aikin ofis ba a karanta shi, a bakin aiki ake koyonsa.

Ga abin da ya sa na kasa haƙura. A zangon da ya wuce wani yaro ɗan aji ɗaya ya kawo takardar neman dakatar da karatu. Na duba, a cike take daidai, na buga hatimi na ajiye. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya katin shaidarsa a hannu, kamar akwai magana a bakinsa. Layi ya kai waje, na ce na gaba ya matso. Bayan mako biyu abokin ɗakinsa ya gaya mini darussa biyu ya faɗi, ya ɗauka korarsa za a yi, shi ne ya gwammace ya tafi da ƙafarsa. Alhali dokarmu ta ba shi damar maimaitawa. Ba rashin tausayi ne ya hana ni tsayar da shi ba, ban san tambayar da zan yi masa ba ne. Ana koyar da wannan a aji kuwa?

Alhaji Garba:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da abin ya dame ki, da yawa ba ya damunsu. Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin magatakarda kafin in yi ritaya, ban taɓa shiga ajin da aka koyar da aikin ba. Maigidana na farko shi ya koya mini. Ya sa na haddace littafin dokokin jami'a, ya koya mini rubuta bayanin taro yadda ko bayan shekara goma aka buɗe fayil za a gane abin da aka yanke da dalilinsa, ya kuma koya mini riƙe sirri. Abin da ya faru da ke, shekaru ne maganinsa. Nan gaba da kin ga yaro ya tsaya a ƙofa haka, jikinki zai ba ki. Ban hana ki karatu ba, amma kada ki zaci takarda za ta ba ki ido.

Dakta Hadiza:
Baba Garba, Allah ya ƙara girma. Ban musa maka ba, amma ka ba ni dama in faɗi ɓangaren da na sani, tunda wannan karatun na yi a Amurka, kuma shi nake ci gaba da yi wa hidima.

Fannin ba sabo ba ne. A ƙarshen ƙarni na 19, da mata suka fara shiga jami'o'in Amurka da yawa, aka riƙa naɗa musu shugabar da za ta kula da zamansu. Jami'ar Chicago ta buɗe a 1892 da irin wannan muƙami, Marion Talbot ta daɗe tana riƙe da shi. Waɗannan matan su suka fara cewa aikin yana buƙatar horo, kuma a 1914 kwalejin horar da malamai ta Jami'ar Columbia ta ba da shaidar farko a kansa. Maza masu kula da ɗalibai maza suka yi taronsu na farko a Jami'ar Wisconsin a 1919, wanda daga baya ya zama NASPA, ƙungiyar shugabannin ofisoshin harkokin ɗalibai. ACPA kuma, wata ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni, ta samo asali a 1924. A 1937 majalisar ilimi ta Amurka ta fitar da wata takarda da har yau ake fara karatun da ita, abin da ta ce a taƙaice shi ne jami'a ta dubi ɗalibi a matsayin cikakken mutum, da lafiyarsa da aljihunsa da halin da zuciyarsa take ciki, ba ƙwaƙwalwarsa kaɗai ba. Sai dokar 1944 da ta biya wa tsoffin sojoji kuɗin karatu, sama da miliyan biyu suka kwararo makarantu, wasu da mata da 'ya'ya, wasu da raunin yaƙi. Malamin aji ba zai iya ɗaukar wannan shi kaɗai ba.

Rukayya, tambayarki kai tsaye: e, ana koyarwa. Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne na sauraro. Ana haɗa ku biyu-biyu, ɗaya ya zama ɗalibi mai matsala, a ɗauki hirarku a bidiyo, sannan a kunna a gaban aji. Ranar da aka kunna tawa na ga sau bakwai na katse yarinyar cikin minti goma, duk don in ba ta mafita kafin ta gama faɗin damuwarta. Malamarmu ta tsayar da bidiyon a inda yarinyar ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ta ce mini a nan maganar gaskiya take shirin fitowa, ke kuma kika rufe ta da shawara. Da kin yi wannan darasin, da kin san tambaya guda ta isa: "Me ya faru har ka yanke shawarar tafiya?" Sannan ki yi shiru.

Malam Nasiru:
Ni malamin kimiyyar sinadarai ne, kuma zan faɗi abin da abokan aikina da yawa ke faɗa a bayan ido. Ofisoshi sai ƙaruwa suke, daraktan wannan, mataimakin daraktan wancan, mu kuma aji ɗaya ɗalibi ɗari uku babu mai taimaka maka duba takardun jarrabawa. Kuɗin da za a ɗauki mai ba da shawara biyu, da an ɗauki malami, da yaron nan na Rukayya wataƙila bai faɗi darasin ba tun farko. Na biyu, Dakta, ra'ayoyin da ake koyar da ku a kan wa aka gina su? Na san William Perry, masanin da kuke jingina da bayaninsa kan yadda tunanin ɗalibi ke girma, ɗaliban Jami'ar Harvard ya yi wa tambayoyi a shekarun 1950 da 1960, galibinsu maza 'ya'yan masu hali. Ta yaya wannan zai bayyana mini yarinyar da ita ce ta farko a danginsu da ta taka jami'a?

Dakta Hadiza:
Malam Nasiru, maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma a cikin ajin ma ana yin ta. Ba Perry kaɗai ba. Vincent Tinto, wanda tun 1975 ake jingina da bayaninsa kan dalilin da ke sa ɗalibai barin makaranta, ya ce wanda ya saje da jami'a ta fuskar karatu da ta mu'amala shi ya fi zama. An soke shi sosai a kan cewa bayanin nasa kamar yana nufin sai yaro ya saki gida kafin ya kama makaranta, alhali ga ɗalibai da yawa gidan shi ne igiyar da ke riƙe da su. Duk shirin da ya koyar da waɗannan a matsayin karatun da ba a tambaya a kansa, ba shiri mai kyau ba ne.

Amma ka dubi abin da Perry ya gani ka gaya mini ko ba ka ganinsa a ajinka. Ɗan aji ɗaya yana zuwa da tunanin kowace tambaya amsarta ɗaya ce, kuma tana wurin malam. Ranar da ka ce masa masana sun yi saɓani, sai ya rikice, wani ma ya ɗauka ba ka san aikinka ba ne. A hankali yake koyon auna hujja. Wanda ya san wannan matakin ba zai kira yaron daƙiƙi ba.

Maganar kuɗi kuwa, ban ce kowane ofis da aka buɗe yana da amfani ba. Akwai waɗanda ni ma da za a tambaye ni, rufewa zan ce a yi.

Malam Nasiru:
Wannan na Perry ina ganinsa kowace shekara, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu ina kan bakana a kan kuɗi.

Auwal:
Anti Rukayya, ni ina shekara ta biyu a irin wannan karatun yanzu haka, bari in gaya miki abin da takardar talla ba za ta gaya miki ba. Yawancinmu muna aiki wa jami'ar awa ashirin a mako, a yafe mana kuɗin makaranta duka ko wani ɓangare, a ba mu ɗan alawus. Ni a ɗakunan kwanan ɗalibai aka sa ni, a cikin ginin nake kwana. Awa ashirin ɗin a takarda ne. Makon da wayar gaggawa take hannunka, ba ka da dare.

Wata rana wajen ƙarfe biyu na dare aka buga mini ƙofa. Yaro ne ya ce abokin ɗakinsa kwana uku bai fita ba, bai ci komai ba, yanzu kuma ya fara raba kayansa, har kwamfutarsa ya ba shi. A aji an koya mana cewa raba kaya irin haka alama ce da ba a wasa da ita, an kuma koya mana mu yi tambayar ƙarara, ba kewaye-kewaye. Na zauna a ƙasa kusa da gadonsa, gabana yana faɗuwa, na tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya gyaɗa kai. Ban bar ɗakin ba sai da ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta iso. Wallahi da ba a sa na maimaita wannan tambayar da bakina a aji ba, da ba za ta fito ba a daren nan. Kuma an koya mana iyakarmu: ni ba likita ba ne, aikina in gane, in tsaya tare da shi, in miƙa shi hannun da ya dace.

Amma ki sani albashin farkon aikin ba shi da yawa idan aka kwatanta da wahalarsa, kuma na ga waɗanda suka riga mu gamawa sun bar fannin bayan 'yan shekaru saboda gajiya. Ki shiga da idonki a buɗe.

Maman Sadiq:
Auwal, Allah ya saka maka da alheri, ya raya ka. Ni uwa ce, 'ya'yana biyu suna jami'a. Tambayata ɗaya: an kira iyayen yaron? Don na ji an ce a Amurka ko sakamakon jarrabawar ɗanka ba za a nuna maka ba, kai da kake biyan kuɗin. Idan wannan ake koyarwa, ni ban ga alherinsa ba.

Auwal:
An kira su, Mama, washegari da safe. Shugabarmu ce ta kira, da sanin yaron.

Dakta Hadiza:
Maman Sadiq, abin da kika ji yana da tushe. Dokar FERPA ta 1974 ta ce da zarar yaro ya kai shekara 18 ko ya shiga babbar makaranta, ikon bayanan karatunsa ya koma hannunsa. Amma dokar ta bar ƙofofi, ciki har da lokacin da rai ko lafiya ke cikin haɗari. Rashin fahimtar waɗannan ƙofofin ya taɓa jawo babbar musiba. Bayan harbin da aka yi a jami'ar Virginia Tech a 2007, inda aka kashe mutum 32, kwamitin bincike ya gano cewa ɓangarori daban-daban sun ga alamun damuwa a tare da ɗalibin, amma ba a haɗa bayanan wuri guda ba, wani ɓangare saboda ma'aikata sun zaci dokar sirri ta hana su magana da juna. Daga nan jami'o'i da yawa suka kafa kwamitin da ke haɗa mai kula da ɗakunan kwana, da malamai, da masu ba da shawara, da jami'an tsaro a teburi ɗaya. Shi ya sa darasin doka yake cikin karatun: ma'aikacin da bai san doka ba, ko ya tona abin da bai kamata ba, ko ya ɓoye abin da zai ceci rai.

Dokar ta Amurka ce, ba ta hau kan kowa ba. Wanda ya karanta a can ya koma wata ƙasa, dole ya zauna ya koyi dokar inda yake.

Maman Sadiq:
To, da sauƙi. Amma ku masu wannan aiki ku riƙa tunawa da mu. Uwa takan ji canji a muryar ɗanta a waya kafin kowane ofis ya gani.

Alhaji Garba:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, na Auwal sau biyu. Akwai abin da ban taɓa faɗa a fili ba, yau zan faɗa saboda 'yar nan.

Ina shekara ta shida a aiki aka sa ni sakataren kwamitin ladabtarwa. Aka kawo wata yarinya da zargin satar amsa. Mai sa ido ya rubuta rahoto, an haɗa da 'yar takardar da aka ce an samu a ƙarƙashin teburinta. Muka zauna, muka karanta, muka yanke kora, duk cikin minti ashirin. Ba mu kira ta ba. Ni na rubuta wasiƙar da hannuna. Bayan wata huɗu mahaifinta ya zo da tsofaffin littattafanta, ya shimfiɗa su a kan teburina ya ce in dubi rubutun. Ko makaho ya shafa ya san ba hannu ɗaya ba ne. An mayar da ita, amma shekara ta riga ta tafi, kuma har ta gama ba ta ƙara ɗaga kai ta dubi kowa a ofishinmu ba.

Na ce miki shekaru ne magani. Haka ne, amma yau na zauna ina tunanin su wa suka biya kuɗin karatun nawa. Yarinyar nan tana cikinsu. Maigidana mutumin kirki ne, sai dai abin da ya sani kaɗai ya koya mini, shi ma haka ya tarar ana yi.

Dakta Hadiza:
Baba, Allah ya saka da alheri da wannan gaskiyar, ba kowane babba ne zai faɗe ta ba. Irin abin da ka ba da labarinsa shi ne batun shari'ar farko da ake karantawa a darasin doka. A 1960 wata kwalejin gwamnati a jihar Alabama ta Amurka ta kori wasu ɗalibai baƙaƙen fata saboda sun shiga zaman dirshan na neman 'yanci, ba tare da an saurare su ba. A 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke, a shari'ar da ake kira da sunan ɗaya daga cikinsu, Dixon, cewa makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta sanar da shi laifin da ake tuhumarsa, ta kuma ba shi damar kare kansa. Kafin nan jami'a tana ɗaukar kanta a matsayin uba, ta yi hukunci yadda ta ga dama. Ɗalibin digiri na biyu yana jin wannan a zangonsa na farko, kafin a ba shi fayil ɗin kowa.

Malam Nasiru:
Alhaji, labarinka ya taɓa ni, don ni ma na sha zama a irin wannan kwamitin. Dakta, saura tambaya ɗaya. Mu a kimiyya sai mun auna muke yarda. Ta yaya kuke sanin aikinku yana hana yara faɗuwa, ba kawai taruka da rabon takardu ba?

Dakta Hadiza:
Akwai darasi guda a kan wannan, kuma yana cikin fannonin ƙwarewa goma da NASPA da ACPA suka fitar tare a 2015. Aikin da aka ba ni a shekara ta biyu shi ne in ɗauko sakamakon 'yan aji ɗaya na shekaru biyar in nemo darussan da aka fi faɗuwa ko janyewa, sannan in bi sawun waɗanda suka faɗi in ga nawa suka dawo shekara ta gaba. Abin da na samu bai kai ni ga buɗe sabon ofis ba, ya kai ni ofishin malaman lissafi ne, muka shirya ajin bita tare, muka kuma roƙi a yi gwajin farko da wuri don a gane masu tangal-tangal tun kafin tsakiyar zango. Malam, irin ka muke nema a wannan aikin. Kai ka san inda darasin yake da wuya, mu mun san yaron da bai zo ba saboda yana aikin dare.

Rukayya:
Na gode ƙwarai, iyayena. Baba Garba, na yi hawaye da na karanta naka. Anti Hadiza, idan zan nema, me zan duba? Sunayen shirye-shiryen sun yi yawa, sun rikita ni.

Dakta Hadiza:
Kada suna ya ruɗe ki, ki buɗe jerin darussan. Wasu sun karkata ga ba da shawara da sauraro, wasu ga mulki, wato kasafin kuɗi da tsare-tsare da shugabanci, wasu kuma ga bincike don mai son wucewa digiri na uku. Daga labarinki, na farkon kike nema, amma ki tabbatar akwai doka da auna sakamako a ciki. Yawanci shekara biyu ne.

Abin da ba zan sassauta a kansa ba shi ne aiki a ƙarƙashin mai sa ido. Majalisar CAS, wadda aka kafa a 1979 don tsara ma'aunin wannan fanni, ta nemi aƙalla awa 300 na irin wannan horo, a wurare biyu daban. Shirin da zai ba ki takarda daga karatu a intanet kawai, babu wanda ya taɓa zama ya kalli yadda kike magana da ɗalibi, to maganar Baba Garba ta farko ce za ta tabbata a kanki. Ki nemi tsofaffin ɗalibansu biyu ko uku ki tambaye su ina suke aiki yanzu. Sannan kafin komai ki je ofishin ma'aikata na jami'arku ki tambaya a rubuce ko suna lissafa wannan digirin wajen ƙarin girma, don ba ko'ina aka san shi ba.

Auwal:
Ki kuma tambayi wa zai zama mai sa ido a kanki a wurin aikin. Shi ya fi kowane malamin aji tasiri a kanki.

Rukayya:
Na rubuta duka. Yau da safe na nemi izinin shugabana na ɗauko fayil ɗin yaron nan, na kira lambar da ke ciki sau biyu ba a ɗauka ba. Na tura masa saƙo cewa ba a kore shi ba, gurbinsa yana nan, ya kira ni ko ya zo. Abokin ɗakin nasa ya ce zai je gidansu ranar Asabar.

Alhaji Garba:
Madalla 'yata. Ki duba ranar da aka amince da takardar tasa, ba ranar da ya kawo ta ba, daga nan wa'adin dakatarwar yake fara ƙirguwa. Idan ya kusa cika, ki rubuta wa magatakarda tun yanzu ki nemi a tsawaita, ki ajiye kwafi a fayil. In ya zo kuma, kada ki gan shi a kan layi. Ki samo masa kujera.